Daren da Hamilton ya ƙi gudu a Yas Marina

Asali ba kallon tseren mota ne ya kai ni ƙasar Larabawa ba, kasuwa ce. Ƙarshen watan Nuwamban 2016 ne, shekarar nan da dala ta yi mana tashin gwauron zabi har ta haura naira 400 a Wapa, kowa a Ƙofar Ruwa yana kuka, na dai tattara abin da ya samu na bi ta Addis Ababa na sauka Dubai sayo kayan gyaran mota. Masaukina a Deira yake wajen Naif, inda duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa ya sani, kullum da safe in shiga Sharja unguwar masu injuna da giyabos na gwanjo, in yini ana ciniki da Fakistanawa da 'yan Afganistan, da yamma in dawo a gajiye.

Ina da ɗan yayata a can, ya gama karatu ya samu ɗan aiki, shi ne ya zo masaukina daren Juma'a yana ta murmushi ya ce Kawu albishirinka, na ce goro, ya zaro wasu tikitoci guda biyu masu igiyar ratayawa a wuya, na shiga kallon tseren motoci na Formula 1 a Abu Dabi. Wai wani abokin aikinsa ne ya saya tuntuni sai tafiya ta kama shi. Yaron ya san ni da ciwon Formula 1, tun yana ƙarami in ya zo hutu gidana ranar Lahadi yakan tarar ina faɗa da yara kan rimot, su suna son ƙwallo ni ina son motoci. Na tambaye shi kuɗin, ya faɗa, na yi salati, ya ce ai an yi masa ragi sosai kuma shi ya biya, na ce to Allah ya yi albarka, daga nan ban sake ta da maganar ba.

Ga wanda bai saba kallo ba bari in ɗan yi bayani don in ba haka ba labarin ba zai yi armashi ba. Kowane kamfani a wannan gasa motoci biyu yake sakawa da direbobi biyu. Mutane na ɗauka abokan juna ne, to a takarda haka ne, amma a zahiri babu wanda direba yake tsoro kamar wanda suke gareji ɗaya. In wani kamfani ya wuce ka sai ka ce ai injinsu ya fi naka, an gama magana. Amma wanda yake tuƙa mota irin taka sak, inji ɗaya, taya ɗaya, injiniyoyi ɗaya, in ya wuce ka me za ka ce? Kamar yara biyu ne a shago ɗaya, kaya ɗaya farashi ɗaya, da yamma maigida ya buɗe littafi ya ga wa ya fi ciniki, babu inda za ka ɓuya. Kuma abin da ya fi ciwo, duk abin da ka yi a kan hanya kwamfuta tana ɗauka, inda ka taka birki, inda ka saki, giyar da ka shiga kwana da ita, ana nuna wa ɗan uwan naka a allo ya zauna ya yi nazari ya kwaikwaya. Sirrinka ba ya kwana.

A shekarar Mercedes ce ke da motar da babu kamarta, tsere 21 aka yi gaba ɗaya suka cinye 19. Kenan kambun duniya tsakanin mutum biyu kawai yake, Lewis Hamilton ɗan Ingila da Nico Rosberg ɗan Jamus. An zo tseren ƙarshe na Abu Dabi Rosberg na da maki 367, Hamilton 355. Na ɗaya yana samun 25, na biyu 18, na uku 15, na huɗu 12. Ku yi lissafin da kanku: in Hamilton ya ci ya kai 380, Rosberg in ya zo na uku yana da 382 ya tsira, in ya zo na huɗu 379, ya rasa kambu da maki ɗaya tak. Wato Hamilton cin tseren kawai bai ishe shi ba, sai motoci biyu sun shiga tsakaninsa da Rosberg. Wannan lissafin shi ne duk labarin daren.

Ranar Lahadi 27 ga wata muka kama hanya da hantsi, wani abokinsa ne ya ara masa mota. A lokacin Juma'a da Asabar ne hutunsu a can, Lahadi ranar aiki ce, don haka titin Sheikh Zayed cike yake da masu zuwa ofis da manyan motocin Jebel Ali. Muna wuce nan sai gari ya ƙare, sahara ta buɗe, titi ɗoɗar babu rami ko ɗaya, ni dai ina ta kallon kwalta ina tuna hanyar Kano zuwa Kaduna ta wancan lokacin ina jinjina kai. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Tsibirin Yas kafin ka shiga cikin birnin Abu Dabi yake, daga nesa abin da za ka fara hangowa shi ne jan rufin nan na Ferrari World, ƙato, a shimfiɗe.

Aka nuna mana inda za mu ajiye mota can nesa, muka hau bas ɗin da ke jigilar 'yan kallo. A cikin bas ɗin ne na fara ganin yadda aka rabu, Turawan Ingila da tutocinsu da hula mai lamba 44 ta motar Hamilton, Jamusawa kaɗan da lamba 6 ta Rosberg, Indiyawa rututu yawancinsu jajayen riguna na Ferrari, ga Larabawa da fararen kandura suna danna waya abin su. Ni da kaftanina da hula zanna, mutane sai kallo na suke, wata tsohuwar Baturiya har ta ce hular ta burge ta.

Filin kansa, wato Yas Marina, abin kallo ne ko ba a tsere. A 2009 aka fara gasa a cikinsa, tsawon zagaye ɗaya a lokacin kilomita biyar da rabi da ɗan ɗoriya, daga baya ne suka gyara wasu kwanoni. Akwai otal da aka gina shi ya haye kan hanyar, motoci ta ƙarƙashinsa suke bi, an lulluɓe shi da wata rumfar gilashi da ke canza launi da daddare. Gefe kuma ruwa ne, jiragen ruwan attajirai a jere, mutane a kai suna shan iska. Hatta hanyar fitowa daga gareji ta cikin rami take bi ta ƙarƙashin titin tseren. Mu kujerunmu a rumfar yamma suke, daidai ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar nan da ta fi kilomita ɗaya, inda mota ke zuwa da gudun sama da 300 sai direba ya danne birki ya shiga kwana hagu ya karya dama. Yaron ya ce Kawu nan ne wajen, in za a wuce wani a nan za a wuce shi. Bai yi ƙarya ba.

Mun zo da wuri sosai, muka yi azahar da la'asar a ɗakin sallar da suka tanada, muka sayi shawarma a farashin da ba zan maimaita ba, sai muka zauna jira, nan musu ya ɓarke. Ni ɗan Hamilton ne ba na ɓoyewa, tun 2007 da ya shigo, baƙin yaro daga Stevenage wanda ubansa ya riƙa haɗa ayyuka biyu uku don ya saya masa ƙaramar motar tsere. Shi kuwa ɗan yayar tawa Rosberg yake so, ina ga don ya ɓata min rai ne kawai. Na ce masa ɗan gata ne, a Monako ya tashi, ubansa Keke Rosberg ya ci kambun duniya a 1982, me ya sani na wahala. Ya ce Kawu kuɗin uba ba ya taka maka totur.

Abin da ke ba ni mamaki da su biyun shi ne tare suka taso. Shekararsu ɗaya, duk 'yan 1985 ne, a 2000 suna 'yan sha biyar ƙungiya ɗaya suke yi wa tseren ƙananan motoci, ɗakin otal ɗaya suke kwana, komai nasu gasa har cin abinci. Da suka haɗu a Mercedes a 2013 kowa cewa yake ai abokai ne ba za a ji kansu ba. Shekarar farko lafiya lau saboda motar ba ta kai ta cin kambu ba. Da aka canza dokar inji a 2014 aka koma ƙananan injuna masu turbo da batir, Mercedes ta tsere wa kowa, daga nan zumunci ya fara tsami. A Baharen suka yi kare jini biri jini har ƙarshe, wannan kam tsaftataccen faɗa ne. A Monako ranar Asabar wajen tantance wanda zai tsaya sahun gaba, Rosberg yana kan gaba sai ya zarce kwana ya shige hanyar tsira, aka ɗaga tutar gargaɗi, dole Hamilton da ke bayansa ya rage gudu, Rosberg ya riƙe matsayinsa. Alƙalai suka ce ba laifi, Hamilton bai taɓa yarda ba, ni ma haka. A Hangari aka ce Hamilton ya ba shi hanya ya ƙi. A Beljiyam Rosberg ya yanka masa tayar baya da fiffiken gaba a zagaye na biyu. Hamilton ya ci kambun 2014 da na 2015, har a Amurka bayan ya tabbatar da na 2015 ya jefa wa Rosberg hular na biyu, shi kuma ya wurgo masa abarsa, duniya na kallo.

Na ce wa yaron bana ma ba don inji ba da tuni an gama. A Maleshiya Hamilton yana gaba babu kowa kusa da shi inji ya kama da wuta, maki 25 suka tafi a hayaƙi. A Chana da Rasha inji ya ba shi matsala ranar Asabar. A Beljiyam daga sahun baya ya tashi saboda canjin inji. Ga shi tun farkon shekara kamfani ya yi musanyar wasu makanikai tsakanin ɓangarorin biyu, waɗanda suka ci kambu da Hamilton aka mai da su wajen Rosberg. Yaron ya bari na gama sannan ya ce to Kawu a Italiya fa, wa ya tashi daga na ɗaya ya koma na shida kafin kwanar farko, inji ne? A Japan daga na biyu zuwa na takwas, makanikai ne suka riƙe masa kulochi? Na ce kai dai ba ka da kunya. Amma maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, tashin Hamilton a shekarar ya sha yin muni, Rosberg kuma ya cinye tsere huɗun farko a jere ba tare da ya yi wani kuskure ba.

Wani dattijo ne a gefenmu, farin gashi, da tsohuwar hula mai launin tutar Birazil, yana jin muna ta ambaton sunaye cikin yaren da bai sani ba sai dariya yake. Ya tambayi yaron da Turanci me muke cewa, da aka faɗa masa sai ya kaɗa hannu ya ce waɗannan ai yara ne masu ladabi, ku ba ku ga Senna da Prost ba. Daga nan ya karɓe hirar. Duk da na san labarin, daɗinsa daban ne a bakin wanda ya kalla a lokacin. Su biyun a kamfanin McLaren suke a 1988, tsere 16 suka ci 15, Ayrton Senna takwas Alain Prost bakwai. In aka tara maki duka Prost ya fi yawa, amma dokar lokacin sakamako 11 mafi kyau kawai ake ƙirgawa, Senna ya ɗauki kambu. A 1989 suka daina magana da juna bayan rigimar tseren Imola a Italiya, inda Prost ya ce sun yi alƙawarin ba mai wuce wani a kwanar farko Senna ya karya. Aka zo Suzuka a Japan, Senna ya kutsa ta ciki a ƙaramar kwanar nan ta kusa da ƙarshe, Prost ya rufe, motoci biyu suka sarƙe suka tsaya. Prost ya fita ya tafi, Senna aka tura shi ya tashi ya canza hancin mota ya ci tseren, sai aka soke nasarar aka ce ya yanke kwana, kambu ya tafi wajen Prost. Dattijon yana faɗa jijiyar wuyansa na tashi sai ka ce jiya aka yi. Shekara ta zagayo Prost ya koma Ferrari, a Suzukar dai, Senna ya ɗauke shi a kwanar farko su duka suka yi waje, ya rama. Na ce masa wannan kuma ai ganganci ne da rai, ya ɗaga kafaɗa.

Ni kuma na tuna masa 2007, Hamilton da Fernando Alonso a McLaren, suka yi ta cin dunduniyar juna har Alonso ya tare shi a gareji a Hangari don kada ya samu zagayen ƙarshe na tantance sahun gaba ranar Asabar, aka tashi kowannensu da maki 109, Kimi Raikkonen na Ferrari ya lallaɓo ya ɗauke kambu da 110. Abin da kamfanoni ke tsoro kenan. Kuma a 2016 ɗin ma an ɗanɗana, a Sifaniya zagayen farko Rosberg ya wuce, ya manta injinsa a saitin da ba shi ba, Hamilton ya taho da gudu, aka matse shi ya hau ciyawa ya juya ya kwashe su duka biyun, Max Verstappen na kamfanin Red Bull yaro ɗan shekara 18 ya ci tserensa na farko. A Ostiriya kuma zagayen ƙarshe suka sake gwabzawa, Hamilton ya ci, Rosberg ya ja mota da karyayyen fiffike ya zo na huɗu, shugaban ƙungiyar Mercedes Toto Wolff yana dukan tebur.

Wajen ƙarfe biyar saura jirgin Etihad ya wuce ta samanmu ƙasa-ƙasa da ƙananan jiragen soja a bayansa suna fesa hayaƙi mai launin tutar ƙasar. Ƙarfe biyar daidai aka tashi, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, an riga an kunna fitilu. Mutane suna cewa injunan zamanin nan ba su da ƙara kamar na da, to ni dai da motoci 22 suka taho mana a dunƙule a zagayen farko har cikin ƙirjina na ji, ga warin taya da birki, abin da talabijin ba ta taɓa ba ni ba. Kuma talabijin tana cin amanar gudun, a ido kafin ka ce wannan wane ne ya wuce.

Hamilton ya tashi lafiya yana gaba, Rosberg na biye. Verstappen ya gogi wata mota a kwanar farko ya juya ya koma na ƙarshe, kowa ya ce nasa ya ƙare. Ashe shi ne zai zama ƙashin kifi. Manyan duk suka shiga canjin taya da wuri, shi ya ƙi shiga, sai ga shi a na biyu tsakanin Mercedes biyu. Rosberg ya yi ta bin sa zagaye bayan zagaye ba ya son kusantarsa, kowa ya san yaron ba ya ba da hanya kuma ba shi da abin asara, taɓawa ɗaya kambu ya tafi. Ɗan yayata yana da abin kunne yana jin maganganun rediyon direbobi, ya dafa ni ya ce Kawu sun ce masa dole ya wuce shi yanzu. A zagaye na 20 a gabanmu aka yi, Rosberg ya jinkirta birki ya faɗa ta ciki, tayoyinsu kamar za su haɗu, Verstappen ya ƙi saki, suka fita kwanar kafaɗa da kafaɗa, sai a miƙaƙƙiyar hanya ta gaba Rosberg ya ƙarasa wucewa. Rumfar gaba ɗaya ta miƙe. Ni da nake addu'ar kada ya wuce sai da na tafa, don wanda ake cewa ba shi da zuciya ba zai yi wannan ba.

Magariba ta riske mu a tsakiyar tsere, na ce wa yaron mu matafiya ne ma haɗa da isha, ya ce shi dai mazaunin gari ne, ya ruga ya yi ya dawo yana haki yana tambaya me ya faru. Ba abin da ya faru, tsakiyar tseren shiru ne, sai dai wani abu da na lura da shi, Hamilton ba ya tserewa. Mutumin da ranar Asabar ya ba Rosberg kusan kashi uku cikin goma na sakan a zagaye ɗaya, yau ga shi tazararsu ba ta wuce tsawon 'yan motoci ba. Dattijon Birazil ya taɓa hancinsa ya nuna min allo, ya ce jira.

Can wajen zagaye goma sha biyar na ƙarshe abin ya fito fili. Sebastian Vettel na Ferrari ya jinkirta canjin tayarsa na ƙarshe, ya fito da sababbi masu laushi yana cin tazara kamar me. Hamilton kuma sai ya ƙara jan ƙafa. Dabarar ita ce, a ɓangaren ƙarshe na filin wajen otal inda kwanoni suke a matse babu wurin wucewa, sai ya yi tafiyar hawainiya, Rosberg ya taru a bayansa, na baya su taru a bayan Rosberg, da an fito inda za a iya wuce shi sai ya take ya ba da 'yar tazara. Rosberg ya shiga gaba kura baya siyaki. Ya kai wa Hamilton hari, in suka taɓa juna komai na iya faruwa. Ya zauna, ga Verstappen da Vettel suna hura masa wuta a ƙeya.

Rediyo ya ɗau zafi, yaron yana fassara min. Injiniyan Hamilton ya ce ya ƙara gudu, ya ba shi lokacin da ake so ya riƙa yi, Hamilton ya ce su bar su su yi tserensu. Rosberg daga baya yana ƙorafi a kan tafiyar ta yi sanyi da yawa. Sai babban daraktan fasaha Paddy Lowe da kansa ya hau layi, wanda ba ya magana sai abu ya kai maƙura, ya ce umarni ne ya ƙara gudu don a ci tseren. Hamilton ya ce ai shi ne a gaba kuma yana jin daɗin inda yake. A wani wurin ma ya ce yana rasa kambun duniya, don haka cin tseren ko rashinsa bai dame shi ba.

Saura zagaye biyar Vettel ya wuce Verstappen ya manne wa Rosberg. Motoci huɗu suka riƙa zuwa mana a jere kamar an ɗaure su da igiya. Ban zauna ba har aka gama. A zagayen ƙarshe Vettel ya leƙa, Rosberg ya rufe, suka ɓace mana ta bayan rumfa sai allo muke kallo. Hamilton na ɗaya, Rosberg na biyu da ƙasa da rabin sakan, Vettel na uku, Verstappen na huɗu, su huɗun duka cikin ƙasa da sakan biyu. Rosberg 385, Hamilton 380. Hamilton ya ci tsere goma a shekarar, Rosberg tara, amma kambu na Rosberg ne, ya zama shi da ubansa su ne uba da ɗa na biyu da suka taɓa yin haka bayan Graham Hill da Damon Hill.

Wasan wuta ya tashi ta ko'ina, Rosberg ya tsaya a gaban babbar rumfa yana juya mota tana hayaƙi, ɗan yayata yana tsalle yana rungumar wani Bajamushe da bai taɓa gani ba. A kan mumbari suka yi musabaha da Hamilton, irin ta dole. Abin da suke fesa wa juna a can ba giya ba ce, wani lemo ne mai ruwan wardi, saboda ƙasar Musulmi ce. Akwai casun mawaƙa bayan tsere wanda tikitinmu ya ba mu damar shiga, na ce ni da furfurata ina, muka yi salla muka nemi bas.

Fita daga tsibirin ta ɗauke mu lokaci fiye da tseren kansa, a cikin cunkoson muka ƙarasa musun. Yaron ya ce abin da Hamilton ya yi rashin mutunci ne, kamfani ne ke biyansa, mutum sama da dubu ne suka ƙera motar, an ba shi umarni ya take. Ni kuma har gobe ina nan a kan bakana, bai yi laifi ba. Bai taɓa kowa ba, bai tura kowa waje ba, bai karya doka ko ɗaya ba, wanda ke gaba shi ke da ikon yanke gudun da za a yi. Kamfani ya riga ya ci kambunsa na masu ƙera mota tun a Japan, babu abin da ya rage sai na direbobi, to a wannan daren ce masa ya ƙara gudu daidai yake da ce masa miƙa wa Rosberg kambu. Wane direba ne zai yi? Ku kwatanta da abin da aka yi a Suzuka. A daren Wolff ya nuna ransa ya ɓaci, yana cewa ba a tafiyar da kamfani kowa na yin abin da ya ga dama, amma bayan 'yan makonni shi da kansa ya ce da sun bar su sun yi tserensu. Inda na ba yaron gaskiya shi ne Rosberg ya ci abinsa da guminsa, an gasa shi zagaye 55 bai ƙone ba. Da Hamilton ya tsere ya bar shi ya zo na biyu a sake, da har yau ana cewa injin Maleshiya ne ya ba shi.

Ranar Juma'ar da ta biyo ina wajen masu kago a Deira ana auna min kaya ana rubuta suna a kwalaye, sai ga kiran yaron, ko sallama bai yi ba ya ce Kawu ka ji, Rosberg ya ajiye. Na ce ajiye me? Ya ce tuƙi, gaba ɗaya. A Biyana ta Ostiriya ya faɗa, 2 ga Disamba, ranar da za a miƙa masa kofin, kwana biyar da cin kambu, yana ɗan shekara 31, da kwantiragin shekara biyu a hannu da mota mafi gudu a duniya. Daga baya ya riƙa ba da labarin abin da shekarar ta ci masa, wai har keke ya daina hawa don naman ƙafarsa ya ragu da kilo ɗaya, ya sa aka kankare fentin hular kwanonsa don ta rage nauyi, ya nemi mai koya masa natsuwa, ya rage duk wata hulɗa. A Suzuka ya riga Hamilton sahun gaba da 0.013 na sakan, shi a ganinsa kilon nan ne. Ya ce ba zai iya sake biyan wannan farashin ba. Hamilton kuwa ko damar ramawa bai samu ba, ina ga wannan ya fi rashin kambun yi masa ciwo.

Mercedes suka ɗauko Valtteri Bottas ɗan Finlan daga kamfanin Williams, mutum mai sanyin hali, gwani ne amma ba irin wanda zai hana Hamilton barci ba. Shekara biyar suka yi tare babu karo babu jifa da hula, Hamilton ya ci kambu huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020. A Rasha a 2018 Bottas yana gaban Hamilton zai ci tserensa aka ce ya matsa, ya matsa. Ina zaune a falo a Kano na kalli wannan, na kira yaron na ce ka gani ko, ya ce Kawu ni tun da Rosberg ya tafi na koma Verstappen.